Amsa: Sauya iska a na'urar maimaita numfashi a ƙarƙashin ruwa

Malam, ka tambayi hanya mafi sauƙi ta komawa wata iska kana cikin nutso da na'urar da ke tace iskar da ka fitar ta sake ba ka ita. Idan gudun matsala ne, bawul ɗin BOV (bawul ɗin gaggawa da ke jikin abin baki) ya fi komai sauri: ka murɗa maɓallinsa, ya rufe zagayen numfashi, ka koma silinda kai tsaye ba tare da cire abin baki ba. Sai dai a tabbata an haɗa shi da babbar silindar gefe, don ƙaramar silindar sirki (ta iskar da ake sirka oksijin da ita a na'urar) mai lita 3 ba ta daɗewa a zurfi.

In babu BOV, rufe abin baki kafin ka cire shi. In ka manta, ruwa zai shiga ya jiƙa sinadarin tsotse kabon, ya zama ruwa mai ƙona maƙogwaro.

Kowace iska za ka koma, duba lambar iyakar zurfi da ke jikin silinda, ka gwada da zurfinka. Mai oksijin kashi 50 iyakarta mita 21, tsantsar oksijin mita 6. Mai kashi 10 kuma ba a shaƙar ta a saman ruwa, suma take kawowa. Nan take ka sauya iskar a kwamfutar nutso da ke hannunka, in ba haka ba lissafin tsayawar da za ka yi a hanyar hawowa sama zai karkace.