Hannun ƙofar gefen bas ya yi tauri: a canza shi ne ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Toyota Hiace ƙirar 2002 da nake ɗaukar kaya da ita a nan Jidda, wani lokaci in kai iyali Makka. Hannun ƙofar gefe, wadda ake ja, ya yi tauri, sai na sa hannu biyu kafin ta buɗe. Na fesa WD-40, ya yi laushi kwana uku ya koma gidan jiya. In sayi sabo ne? Daga wani direba a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna, domin galibi hannun ba shi da laifi. Kuma ka daina fizgarsa da hannu biyu, in ba haka ba wata rana zai biyo ka, ƙofa kuma tana rufe.

Shi hannun jan wani siririn ƙarfe yake yi a cikin ƙofa. Ƙarfen ya motsa wani faranti mai sifirin, daga nan wani ƙarfen ko waya ya tafi har makullin da ke gefen baya na ƙofar, wanda yake cafke ƙugiyar da ke jikin mota. Ko'ina aka samu cijewa a wannan hanya, a hannu za ka ji. Don haka sai an gano wurin.

Buɗe ƙofar, ka sa sukundireba ka tura bakin makullin ciki har ka ji ƙas sau biyu, kamar an rufe. Sai ka ja hannun. Ka tabbatar bakin ya sake kafin ka rufe ƙofar, kada ka buga shi a kulle.

In hannun ya zo da sauƙi a wannan gwaji, to nauyin ƙofa ne ke danne makullin. Ƙofar Hiace a kan ƙananan tayoyi take tafiya a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Idan suka cinye sai ƙofar ta sunkuya, makulli ya hau kan ƙugiya a karkace. Kama ƙofar ta baya ka ɗaga. In tana wasa sama da ƙasa, tayoyin sun gama aiki. Duba ƙugiyar ma, za ka ga inda ƙarfe ya goge yana ƙyalli a gefe guda. Leƙa kuma kwatar ƙasa da tayar ke bi, nan yashi da tsakuwa da ƙwallon dabino ke taruwa. A fara canza tayoyi, sannan a taɓa ƙugiya. Masu gaggawa sukan fara da matsar da ƙugiya, bayan wata biyu ciwon ya dawo. In za a matsar, a zagaye mazauninta da alƙalami, a sassauta kusoshinta biyu, a gusa milimita 1 ko 2 kawai a gwada.

In kuwa taurin yana nan ƙofa a buɗe, gwada hannun ciki. Na waje kaɗai ke cijewa? To sandar da yake juyawa a kai ce ta yi tsatsa, abin da iskar teku mai gishiri ta Jidda ta ƙware a kai. Duka biyun ne? Laifin yana faranti ko makulli.

Bisa bayaninka, nan muka fi zargi. Sauƙin kwana ukun nan shaida ce cewa giris ne ya bushe. WD-40 ruwa-ruwa ne, yana narkar da datti ya ratsa tsatsa, amma ba ya zama, balle a zafin nan. Giris ɗin da ya shekara fiye da 20 yana shan rana da ƙura ya zama kamar ƙaro, ka kankare shi da farce ya ɓantare.

Cire murfin cikin ƙofa a hankali, ka ɓare ledar da ke bayansa ba tare da ka yaga ta ba. Ɗauki hoto da waya kafin ka zare komai. Ƙananan robobin da ke riƙe bakin ƙarafan nan sun tsufa, da ka matsa musu sai su fashe, don haka tanadi sababbi uku ko huɗu. Wanke faranti da makulli da kananzir da tsohon burushin haƙori, ka bari su bushe, sannan ka shafa farin giris na litiyam kaɗan a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Kaɗan muka ce. Mai yawa ƙura yake kira. Idan waya ce ke jan makullin, zare bakinta ka ja da yatsa. In ka ji tana karce a cikin rigarta, silin ciki ya fara tsinkewa, mai ba zai yi magani ba, sai sabuwa. Ƙarfen da ya lanƙwashe saboda fizga a miƙe shi. Kafin ka rufe, zura waya a ramukan ƙasan ƙofa, don ruwan wanki ya riƙa fita.

Sai hannun ya tsage ko sifirinsa ya karye za ka nemi wani. In za ka tashlihi, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, tafi da tsohon a hannu, domin Hiace irin taka da aka fara a 1989 daban take da wadda ta fito a 2004, kayan ƙofarsu ba sa shiga juna. Ka gwada buɗewa da rufewa sau goma, ciki da waje, kafin ka mayar da murfin.