Hukuncin shigar da uwa mai ciwon daji hosfis

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka tare da mahaifiyata. Ciwon daji ya bazu a jikinta, likitoci sun ce magani ya daina tasiri, suna ba da shawarar hosfis, inda rage raɗaɗi kawai ake yi. Yayana da ke Kumasi ya ce idan na sa hannu na yanke ƙauna daga rahamar Allah. Hajiya tana cikin hankalinta, amma ba mu gaya mata ba.

Amsa: Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya saka miki. 'Yata, hukuncin yana cikin maganarki ta ƙarshe. Tunda tana cikin hankalinta, izinin nata ne; ke da yayanki shawara kawai za ku ba ta. Ku gaya mata cikin lallashi. Wataƙila akwai bashi ko wasiyya ko neman gafara da take son ta gama da su, ɓoyewarku na tauye mata wannan.

Barin maganin da amintattun likitoci suka ce ba ya amfani ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce magani yana wajaba ne idan barinsa zai jawo halaka, nan kuwa yinsa ma ba ya hana halakar.

Maganar yayanki ba daidai ba ce. Yanke ƙauna aikin zuciya ne, barin maganin da amfaninsa ya ƙare daban. Matar nan mai farfaɗiya, Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, ya yi mata alkawarin Aljanna. Ita ma ta yanke ƙauna ne? In kuma "wata shida" da likitoci ke rubutawa a matsayin abin da suke ganin ya rage wa majinyaci kafin a karɓe shi a hosfis ne ya dame shi, kirdado ne na masu sana'a, ba da'awar sanin gaibu ba. Wasu kan wuce wa'adin a sabunta musu takarda, kuma majinyaci na iya janyewa ya koma magani duk ranar da ya so. Galibi ma a gida ake jinyar, ma'aikata suna zuwa.

Sai dai ki kula: kada a hana ta abinci da ruwa muddin jikinta na karɓa. Mofin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, ya halatta gwargwadon raɗaɗi, ba don gaggauta ajali ba; ki roƙi a daidaita shi yadda za ta samu lokacin salla da zikiri. Ki haɗa yayanki da likitan ta waya ya ji da kunnensa, nisa ne ke ƙara masa zafi. Wallahu a'alam.