Wa ke da ikon rufe iyakarmu da Nijar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dillalin shanu ne a Maigatari, jihar Jigawa. Da aka rufe boda a 2023, kasuwarmu ta Alhamis ta mutu murus, har aka fara batun yaƙi. Shin shugaban ƙasa shi kaɗai ke yanke irin wannan hukunci, ko akwai waɗanda dole ya saurara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rufe boda daban, tura soja daban, kowanne da hanyarsa.

Rufe boda yana hannun shugaban ƙasa, ba sai majalisa ta sa hannu ba. Bayan sojoji sun kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, shugabannin ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, ECOWAS, sun zauna a Abuja ranar 30 ga wata, Tinubu na jagoranta, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka ba jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, mako guda ya mayar da mulki. Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma datse wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. A ganina a nan aka yi gaggawa. Sojojin da ke fada a Yamai ba su kwana a duhu ba. Talakan Damagaram ne ya ji a jikinsa, sai ku da shanun Dungas da Magarya suka daina iso muku.

Yaƙi kuwa yana da takunkuminsa. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa ayyana yaƙi sai majalisun tarayya biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, kuma ba zai tura soja fagen daga a wata ƙasa ba sai da yardar Majalisar Dattawa. Ƙofa ɗaya aka bar masa: idan tsaron Najeriya na cikin haɗari na nan take, zai iya turawa bayan ya tuntuɓi Majalisar Tsaro ta Najeriya (National Defence Council), amma ya nemi yardar sanatoci cikin kwana bakwai. Shi ya sa Tinubu ya rubuta wa sanatoci, su kuma ranar 5 ga Agusta suka ce a bi ta sulhu. Sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya, don sun san dangi ɗaya ne boda ta raba.

Akwai kuma waɗanda doka ba ta ambata ba amma maganarsu ta yi nauyi. Janar Abdussalami da Sarkin Musulmi sun je Yamai da sunan ECOWAS, Sarki Sanusi ya gana da Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ma ta je. Ta wannan hanya, wato sanatanku da sarkinku da malamanku, koken irinku ke isa Abuja.

ECOWAS ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Don haka yanzu batun boda ya fi komawa tsakanin Abuja da Yamai kai tsaye, ta hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971.