Shin jihar Kaduna tana da Kotun Ƙoli, kuma yaya ake zama alƙalinta?

Malam, ka tambaya ko jiha tana da Kotun Ƙoli irin ta jihohin Amurka. A Najeriya Kotun Ƙoli guda ɗaya ce, tana Abuja. Abin da muke da shi a Kaduna shi ne Babbar Kotun Jiha, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ta al'ada.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya shardanta sai lauya ya cika shekara 10 da samun izinin aiki kafin a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu. Gwamna ne ke naɗawa bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato hukumar da ke kula da naɗi da ladabtar da alƙalai, kuma tun gyaran 2023 alƙali yana iya aiki har ya kai shekara 70.

Amma wahalar aikin ba ta cikin takarda. Na sha zama a kotu ina kallon alƙali yana rubuta bayanin shaida da hannunsa tun safe har azahar, fayiloli jibge a gabansa, sannan ya koma gida ya raba dare yana rubuta hukunci. Dole ya rage zuwa biki da majalisar hira, domin wanda ya gaisa da shi yau zai iya tsayawa gabansa gobe, kuma wannan kaɗaicin yana taɓa ni ƙwarai.

Misalin wanda ya bi wannan hanya shi ne marigayi Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, haifaffen Zariya a 1936, wanda ya yi alƙalanci a Babbar Kotu a nan Kaduna, ya hau Kotun Ƙoli a 1979, sannan ya zama Babban Jojin Najeriya daga 1995 zuwa 2006.