Tambaya da amsa: da gaske ne tabar wiwi halas ce a Holan da Jamus?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Nima, shekaruna 27, ina sayar da wayoyi a Circle. Allah ya sa na samu biza, zan kai wa yayana ziyarar mako uku a Amsterdam, daga can mu hau jirgin ƙasa zuwa Hambug wurin wani amininsa, sannan in biyo ta Dubai in sari kaya kafin in dawo Accra. A bes ɗinmu inda muke shan ataya kowa cewa yake yi a can wiwi halas ce, a shago ake sayar da ita kamar burodi. Ni ba mashayi ba ne, amma ba zan yi maka ƙarya ba, in an fita yawon dare ina iya ɗanɗanawa. Kuma abokaina biyu sun roƙe ni in kawo musu alawar wiwi tsaraba tunda ba ta wari, wai ai Ghana ma ta halatta. Malam, mece ce gaskiyar magana?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, kuma na ji daɗin da ka faɗi gaskiya, don mai ɓoye wa mai magani ciwo kansa ya cuta.

Bari in fara da kalmar da ka yi amfani da ita. Halas maganar addini ce, kuma majalisar Holan ko ta Jamus ba ta da ikon taɓa ta. Hukuncin abin da ke sa maye ka san shi tun kana makarantar allo, limamin unguwarku zai ƙara maka bayani fiye da ni. Ni mai harhaɗa magunguna ne, shekaru da yawa ina bayan kanta a nan Accra, don haka abin da zan gaya maka shi ne abin da dokokin ƙasashen suka ce, da abin da ganyen ke yi wa jikin wanda bai saba ba. Shawarata tun yanzu ita ce ka bar ta. Amma tunda ka ce kana iya ɗanɗanawa, gara ka tafi da sani.

A Holan doka ba ta halatta wiwi ba har gobe. Kau da kai hukuma take yi. Tun 1976 dokarsu ta raba miyagun ƙwayoyi gida biyu, masu tsanani da masu sauƙi, aka bar wasu shaguna da suke kira shagon kofi su riƙa sayarwa bisa sharuɗɗa. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ana iya tambayar ka fasfo tun daga ƙofa, ba a ba mutum fiye da giram 5 a rana, kuma ba a sayar da giya a ciki. Ko giram 5 ɗin nan ɗan sanda na da ikon ƙwacewa, gurfanar da kai ne kawai ba za a yi ba. Wasu garuruwa irin su Maastricht ba sa sayar wa baƙo sam, sai mazaunin ƙasar. A Amsterdam ana sayar wa baƙi, amma tun watan Mayun 2023 an hana busa ta a kan titi a tsohuwar unguwar tsakiyar gari da 'yan yawon buɗe ido ke cika da dare, tarar kuma yuro 100 ce. Lissafa wannan da sidi ka ga wayoyi nawa za ka sayar kafin ka mayar.

Jamus kuwa a nan 'yan bes ɗinku suka fi yin kuskure. Gaskiya ne daga 1 ga Afrilun 2024 baligi na iya riƙe giram 25 a waje, giram 50 a gida, ya shuka tushe uku. To amma babu shago ko ɗaya da aka yarda ya sayar don nishaɗi. Hanyar samu ita ce mutum ya shuka da kansa ko ya shiga ƙungiyar masu noma ta, kuma ba a karɓar ka sai ka yi wata shida kana zaune a ƙasar. Miƙa wa wani, ko da kyauta, laifi ne. Ka ga ke nan baƙon mako uku ba shi da wata tsaftatacciyar hanya ta samun ta a Hambug. Duk wanda ya tare ka a bakin tasha ya ce yana da kaya, kasuwar bayan fage ce, shi da kai duka kun taka doka. Ɗauko ta daga Amsterdam a aljihu ka hau jirgin ƙasa kuma sunansa shigo da ƙwaya ta kan iyaka. Jamus ta dawo da binciken iyakokinta na ƙasa tun Satumbar 2024, 'yan sanda kan shigo tarago su tambayi takardu. Kai da ni mun san wanda ake fara tambaya in an shigo.

Wannan ne abin da nake so ya zauna maka. Ɗan ƙasa in aka kama shi tara zai biya ya koma gidansa ya kwanta. Kai biza ce a hannunka, wadda ka yi layi ka kashe kuɗi kafin ka samu, kuma yayanka ne ya sa hannu a takardar gayyata. Sunanka na shiga kundin 'yan sanda, neman biza ta gaba ya zama aiki, shi ma yayan naka an ɓata masa suna. Amurka ma tana da tsanani a nan: jihohi da dama sun yarda da ita ga mai shekara 21, tun daga Kolorado da Washinton a 2012, amma dokar tarayya ba ta yarda a sha don nishaɗi ba, kuma biza a hannun tarayya take. Takardar neman bizarsu tana tambaya kan ƙwaya ƙarara. Don haka hoton nan da samari ke ɗauka da hayaƙi a baki a ɗora a Facebook ko TikTok don 'yan gida su san an zama boga, wato wanda ya samu shiga Turai, ka rufa wa kanka asiri ka bar shi.

Yanzu jiki, wanda shi ne fagena.

Wiwin shagunan Holan ba irin wadda yara ke naɗawa a lungu ba ce. An yi shekaru ana tace irinta, sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC, yakan haura kashi 15 cikin ɗari. In an busa, cikin 'yan mintuna ake jin ta, don haka mutum kan gane ya isa ya ajiye. Wadda ake ci, kek ko alawa ko cakulan, ita ce ke kayar da baƙi. Sai ta bi ta ciki, hanta ta juya sinadarin zuwa wani mai ƙarfi, shi ya sa takan ɗauki minti 30 zuwa awa biyu kafin ta motsa, ƙarfinta ya kai ƙololuwa wajen awa huɗu, ta iya riƙe mutum har awa 12. A Kanada, inda suka halatta ta a dokance tun 17 ga Oktoban 2018, ba a yarda ƙunshi ɗaya na abin ci ya wuce miligiram 10 na THC ba, kuma hukumar lafiyarsu na ba sabon shiga shawarar kada ya wuce miligiram 2.5. Kek ɗin da aka toya a bayan shago babu mai iya rantse maka nawa ke ciki.

Wani Disamba da ya wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare ina shirin rufe shago, samari biyu suka shigo riƙe da abokinsu sun fito daga wani casu a bakin teku. Yaron ya damƙe gaban rigarsa da hannu biyu, gumi ya jiƙa shi sharkaf, leɓɓansa sun bushe, sai kalmar shahada yake maimaitawa yana cewa a kira masa mahaifiyarsa ya nemi gafara. Na ɗora masa na'urar awo, bugun zuciyarsa ya haura 130 a minti. Da na matsa wa abokan, suka ce alawa ce aka raba. Ya ci ɗaya, ya jira kwata bai ji komai ba, ya ce ta bogi ce, ya ƙara biyu, ya bi da giya. Na sa suka tari tasi zuwa asibiti. Washegari da yamma ya dawo da ƙafarsa yana sunkuyar da kai. Wannan a garinsu ke nan, inda yake jin yaren kowa. Ka ɗauke shi ka ajiye a Amsterdam cikin sanyi, ga kekuna na wucewa fuu ta ko'ina, ga jirgin kan titi da ba ya ƙara, ga magudanan ruwa masu zurfi da yawancinsu ba su da shinge, waɗanda duk shekara ake tsamo gawar mutanen da suka faɗa cikin maye.

Don haka in har ka ƙi jin shawarata ta farko, ga ta biyu. Kada ka haɗa da giya, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, amai da jiri daga nan suke. Kada ka haɗa da tiramol ko maganin tari mai kodin ko na barci. Kada ka ƙara don ba ka ji komai ba. Kada ka tuƙa komai, har keke, don a Holan hawa keke cikin maye laifi ne. Kada ka karɓi komai a hannun mai talla a titi. A ƙarshen 2014 'yan yawon buɗe ido uku 'yan Ingila sun mutu a Amsterdam saboda an sayar musu da farar hiroyin a matsayin hodar ibilis, har sai da hukumar birnin ta kafa manyan allunan gargaɗi. Ganyen da aka fesa wa sinadarin bogi ma yana yawo, dangin kush ɗin nan da ya sa Saliyo ta ayyana dokar ta-ɓaci a 2024. Kuma yayanka ya san inda kake da abin da ka ci.

In abin ya juya wa wani a cikinku, a kai shi wuri mai shiru, a zaunar da shi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a riƙa gaya masa zai wuce. In yana amai ko barci ya rinjaye shi a kwantar da shi ta gefe, kada a bar shi shi kaɗai. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, suma, ko ya daina gane mutane, a kira 112, lambar ɗaya ce a Holan da Jamus. A gaya wa ma'aikatan abin da ya sha ba tare da kwana-kwana ba, magani suka zo yi. Sai dai ka duba takardar inshorar da ka saya don biza, da yawansu ba sa biyan abin da ya faru cikin maye, kuɗin asibitin Turai kuwa ba wasa ba ne.

Akwai waɗanda ko sau ɗaya bai kamata su gwada ba. Mai ciwon zuciya, mai asma, mace mai ciki, sai kuma wanda a danginsu akwai mai taɓin hankali. Wannan na ƙarshen ka tsaya ka yi tunani a kansa da gaske, ka tuna kawu ko gwaggon da ake cewa iska ce ta taɓa. Ga mai irin wannan gadon, wiwi mai ƙarfi na iya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa da sauƙi. Ma'aikatan asibitocin masu taɓin hankali na Pantang da Ankaful sun ga irin haka har sun gaji.

Sai maganar tsaraba, wadda ita ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Ghana ba ta halatta shan wiwi ba. Abin da dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2020, mai lamba 1019, ta yarda da shi shi ne noman wani iri da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, da lasisi, don masana'antu da magani. Kwatanta 0.3 da 15 ɗin can. Kotun Ƙoli ma ta soke wannan sashen a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta sake zartar da shi a 2023. Sassaucin da aka yi wa mai riƙe kaɗan don shan kansa shi ne an mayar da hukuncin tara, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, in ya kasa biya ya tafi gidan yari. Shigo da ita daga waje babi ne daban, na masu fataucin ƙwaya, kuma jami'an hukumar suna nan a filin jirgi da karnukansu. Rashin wari a hancinka ba shi ne rashin wari a hancin kare ba. Ko Kanada da ta buɗe shaguna ko'ina ta haramta fita da ita daga ƙasar.

Kafin ma ka iso Accra akwai Dubai. Can ko a jini ko a fitsari aka samu alamarta ana iya ɗaukar ka a matsayin mai laifi, ba ruwansu da ƙasar da ka sha. Wanda ya sha sau ɗaya takan nuna a fitsarinsa na 'yan kwanaki, mai sha kullum har wata guda. Brittney Griner, shahararriyar 'yar ƙwallon kwando ta Amurka, man wiwi da bai kai giram ɗaya ba aka samu a jakarta a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022, a cikin kwalaben sigarin lantarki. Shekara tara aka yanke mata, sai da gwamnatin ƙasarta ta yi musayar fursuna kafin ta fito a Disambar shekarar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kai wa zai yi musaya dominka?

Dokokin nan kuma ba su zaune wuri ɗaya. Tailan ta saki wiwi a 2022, shaguna suka cika Bankok, a Yunin 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Saboda haka ana saura kwana kaɗan ka tashi, ka sa yayanka ya duba shafin hukumar birnin da za ku, kada ku dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce.

Daren da za ka haɗa kaya, zazzage jakarka kaf a kan gado. Juya aljihun kowane wando da rigar sanyi, musamman in ka ari ta yayanka ko wani ya ara ya sa. Kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, ko da an ce na tsohuwarsa ne a Mamobi, a buɗe a gabanka ka gani. Abokan naka biyu kuwa, ka saya musu cakulan da rigar Ajax a filin jirgi, ka riƙe rasit ɗin.