Amsa ga mai son kihe injin jirginai da akwati

Salamu alaikum. Ƙanena mai fito a Goronyo, na ga tambayarka, ka ce kana da Yamaha mai doki 40, fasinja na kukan ƙara da hayaƙi musamman mata masu goyo ranar kasuwa, shi na kaka son kahinta shi haɗa maka akwatin katako ka liƙa soson katifa ciki ka kihe injin gaba ɗai. Don Allah dakata, kar ka ba kahinta ko sisi tukuna. Ni na yi wanga aiki da kuɗina kuma na ga abin da yab biyo baya.

Shekara goma sha niy yi ina fito gulbin Rima wajen Wamakko kahin in bar ma yara. Wata damana ruwa ya cika, nis sa anka yi min akwati irin wanda kaka faɗi, ruhe ko'ina sai 'yar kafa inda hannun tuƙi ka hita da wurin igiyar tayarwa. A bakin gaɓa wallahi na ji daɗi, ƙara ta ragu ƙwarai har mutane na tambaya ta wa yay yi min. Munka ɗauki mutane da buhunan albasa, muna tsakiyar gulbi inji yaf fara shaƙewa awa mai tari, shina yin ƙasa shina yin ƙasa har yam mutu, ga ruwa na jan mu ga mata sun fara salati. Yaron da ka zama kusa da ni yab buɗe akwatin hayaƙi yat turnuƙe mai huska. Da gora munka lallaɓa munka kai gaɓa can ƙasa da mashiginmu, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yaron nan wuni yay yi da ciwon kai da amai, har yau in na tuna raina ba ya min daɗi don ɗan mutane na anka ba ni amana.

Ga abin da nig gane daga baya da makanike yaz zamna yay yi min bayani. Inji numfashi shika yi awa ni da kai. Mai doki 40 ɗin nan silinda biyu gare shi, girman cikinsu duka cc 703 (cc 1,000 shi na lita guda), kuma tunda mai haɗin mai na, wato wanda aka haɗa ma baƙin mai cikin fetur, kowane juyi guda sai ya ja iska, to in shina juyi 5,000 a minti ka lissafa, wajen lita 3,500 na iska kenan a minti guda. Ta bayan marfinai shika jan ta. Shi kuma hayaƙi in kana gudu ta cikin farfela shika hita ƙarƙashin ruwa, amma in inji na silo ƙarhin bai isa shi tura ruwa, sai shi hito ta wata 'yar kafa da anka yi mai saman ruwa, ƙasa da kan injin ta baya. In ka kewaye shi da akwati wagga kafa ta shiga ciki kenan, inji shi koma shaƙar hayaƙin da yaf fitar, wuta ba ta kamawa da kyau, fulogi shi yi baƙi shi jiƙe, shi mutu maka inda ba ka so.

Na biyu shi na yaf fi ba ni tsoro, wuta. Kafireta kan ɗiga fetur ko ba ka gani ba, balle in ka ɗaga injin wurin yashi. Tururin fetur ya hi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasan akwati shika kwanciya. Soson katifa kuma shan mai shikai shi sha ruwa, in ya tsufa shi dinga marmashewa kafireta na zuƙe shi. Ka haɗa wanga da zahin Sakkwato na watan Afrilu da ka wuce digiri 40, wayar fulogi guda ta tsage ta yi tartsatsi, cikin jirgin katako cike da mutane da galan ɗin mai kusa, Allah shi tsare.

Sannan hayaƙin da fasinja ka kuka da shi, mai shuɗi mai wari, baƙin mai na da ka ƙonewa. Wanda ka kisa ba shi da wari ba shi da launi, kabon monoksaid sunanai, shi na dai wanda muka jin ya kashe iyali dut in sun kwana da janareta cikin ɗaki. Jini na kama shi hiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Akwati bai rage shi ko kaɗan, tara shi shikai wuri guda, kuma kai mai tuƙi kai na kusa. In kaj ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala kana bisa ruwa kar ka ce rana ta, kashe inji ka sha iska.

To mi za ka yi? Fara da hayaƙin tun daga tushe. Da yawanmu da ido muka zuba baƙin mai, wai gara shi yi yawa da shi yi kaɗan, wasu ma na mota suka zubawa don ya hi araha. Haɗin da anka saba ma irin injinka shi na 50 da 1, wato lita 25 na fetur rabin lita na mai, sai in sabo na ko an sake mai ringi sannan aka ninkawa na ɗan lokaci, ka duba takardar injinka ka tabbatar. Ka nemi mai na injin ruwa wanda anka rubuta TC-W3 jikin gorar, ka samu kwalba guda ka yi mata alama ta zan ma'auninka. Wanke kafireta, sake fulogi, kuma ka bar barin inji na silo bakin gaɓa kana jiran jirgi shi cika, nan na mata ka shan mahi yawan hayaƙin. Ni da niy yi wagga gyara kaɗai sai da fasinja sunka lura.

Ƙara kuma ba dut daga kan inji taka hitowa ba. Aza hannunka ga katakon jirgi inji na aiki ka ji, jirgin kansa amsawa shikai awa ganga. Yanki roba mai kauri, ko ta tsohuwar taya ta, ka shimhiɗa tsakanin maƙalin inji da katakon baya ka ɗaure tamau, ka riƙa duba ɗaurin kullum da sahe don roba na lotsawa. Duba marfin injin, da yawa robar bakinsu ta cinye ko maƙullin ya karye an ɗaure da igiya, rabin kwaramniyar daga nan ta.

Kahintan naka ga aikin da za ka ba shi, allo guda tsaye tsakanin inji da fasinja, shi ɗan hi kan inji tsawo, da 'yan hukahukai gajeru dama da hauni, baya a buɗe sama a buɗe. Shi bar wurin da hannun tuƙi ka juyawa har ƙarshe ko'ina, injin shi ɗagu ba tare da ya bugi komi ba, kuma idonka shi riƙa ganin ruwan nan da inji ka tsartuwa, don in ya tsaya mai yiwuwa famfon ruwa ya mutu kenan, in kuwa ya mutu minti kaɗan inji shi ƙone, cikin akwati kuwa ba ka gani sai ka ji ƙauri. Gehen da ka kallon inji ka liƙa roba ko soso irin wanda bai shan ruwa. Ƙarar ba za ta ɓace ba gaskiya, amma wanda ka zaune gaba za shi ji maganar na kusa da shi.

In kana da rumfar tamfol kar ka kawo ta har bisa inji kuma kar ka ruhe gehenta da gabanta, iska kan juyo ta baya ta cusa hayaƙi ƙarƙashin rumfa shi zamna nan. Masu goyo da tsohi ka aza su gaba. Galan ɗin mai shi zan a sarari.

Injin da ba a haɗa mai baƙin mai cikin fetur, mai bugu huɗu, shi kam shiru gare shi kuma hayaƙinai kaɗan na, ga shan mai da sauƙi, sai dai tsada da nauyi, kuma kahin ka saye ka tambayi makaniken da ka duba maka inji ko ya iya shi kuma ko ana samun kayanai kusa. In ka gyara haɗin man ka yi sati guda ka dawo ka hwaɗa muna yadda kag gani.