Ina Son Daina Giya, Amma Ina Tsoron Takarduna

Wani ƙanenmu da ke aiki a gidan kula da tsofaffi a Birmingham ta Birtaniya, da bizar da wurin aikinsa ya ɗauki nauyi, ya rubuto cewa giyar da ya fara kurɓa don samun barci bayan aikin dare ta fi ƙarfinsa, har hannunsa yana karkarwa da safe. Yana son zuwa taron masu yaƙi da shaye-shaye, amma wani dillalin takardu ya ce masa sunan duk mai zuwa yana isa Ma'aikatar Cikin Gida, sai dai ya biya shi ya "rufe maganar". Yayansa kuma ya ce ya dawo gida a kai shi wurin wani malami.

Ƙanena, dillalin nan ƙarya ya yi maka, kuma da gangan ya yi ta. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, tun kafuwarta a garin Akron na Amurka a 1935 ba ta ajiye rajistar mambobi. Ba a tambayar fasfo ko biza a bakin ƙofa, da sunan farko kawai ake sanin juna, kuma sharaɗin shiga shi ne mutum yana son daina sha. Ba a biyan kuɗi, sai ɗan abin da ake jefawa a tukunya don hayar ɗaki da shayi, wanda ba shi da shi kuma ya miƙa ta gaba. Na ga mutanen da irin waɗannan dillalai suka tatsa watanni da sunan goge wani bayani da ba a taɓa rubutawa ba, daga baya sirrin da suka faɗa ya zama igiyar da ake ja duk ƙarshen wata. Kada ka ƙara gaya masa komai. A Birtaniya laifi ne mutum ya ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba, don haka idan kana da tambaya kan bizarka, nemi lauya mai lasisi.

Abin da zai iya taɓa takardunka shi ne giyar da kanta. Idan aka kama ka kana tuƙi a buge, akwai haramcin tuƙi na aƙalla wata 12, kuma hukuncin zai biyo ka ranar da za ka nemi zaman dindindin. Idan ka je aiki kana warin giya aka sallame ka, galibi kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar.

Kafin taron, ka fara ganin likitanka, domin karkarwar safe alama ce cewa jiki ya riga ya saba, kuma yanke giya farat ɗaya a wannan hali na iya jawo farfaɗiya, har da rasa rai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka faɗa masa ainihin adadin da kake sha. Doka ta ɗora masa riƙe sirrinka, sai dai ka tambaye shi batun lasisin tuƙi, don hukumar DVLA mai ba da lasisin tana buƙatar a sanar da ita irin wannan lalura.

A shafin AA na Birtaniya za ka sa lambar unguwarka ka ga tarukan da ke kusa da lokutansu, akwai na rana da na intanet da za su dace da mai aikin dare. Buɗaɗɗen taro kowa na iya zuwa, rufaffen kuwa na masu lalurar ne kaɗai, kuma tunda tsoron idon sani ke damunka, zaɓi rufaffe a wata unguwa. Da yawa a zauren coci ake yin su, amma haya ce kawai, ba ibada ake yi ba. Za ka tarar da kujeru da butar shayi, mutane suna magana ɗaya bayan ɗaya, kuma kana iya zama shiru har a tashi. Idan salon bai kwanta maka ba, akwai SMART Recovery, wadda ba ta kawo zancen addini, akwai kuma Millati Islami da Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, tana taro ta intanet.

Game da Yaya kuwa, ina tare da kai. Addu'a tana da muhimmanci, kuma ba ta hana magani, amma ba mu manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka kuɓutar daga wani gidan da ake kai mutane da sunan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ba, wasunsu da mari a ƙafa. Abin takaici ne dangi su riƙa karɓar saƙon kuɗi duk wata ba tare da tambayar yadda mai aikowa yake kwana ba, sai ranar da ya ce ba shi da lafiya a tuna da sunan gida. Ka gaya masa cikin ladabi cewa kana ƙarƙashin kulawar likita, ba za ka ajiye aiki ba, kuma saƙon watannin nan zai ragu saboda za ka rage aikin dare.